Darasi na 1: Ilimin Zamantakewa, Yadda Ake Karanta Unguwa

A watan Yulin 2011 gwamnatin jihar Borno ta haramta hawa babur a Maiduguri da Jere, domin a lokacin da babura ake zuwa a harbe mutum a tsere. Kafin wannan doka, idan ɗan acaɓa ɗaya ya jingine babur ya zauna a gida, halinsa za a bincika: ko ciwo, ko lalaci, ko bashi ya sa aka karɓe babur ɗin. Amma ranar da dubban matasa suka wayi gari babu sana'a, binciken halin kowannensu ba zai gaya maka komai ba. Mai ƙwazo da malalaci, mai tattali da almubazzari, duk rana ɗaya suka zauna. Bakanike ya rasa aiki, mai kayan gyara ya rufe shago, mai abincin da ke tashar 'yan acaɓa ta rage tukunya, mutumin gefen gari irin Umarari da Molai ya koma jiran mota ko ya taka da ƙafa. Daga baya keke napep ya cike gurbin, sai dai kuɗinsa ya fi na babur nesa ba kusa ba, don haka da yawa daga waɗanda a da suke da abin hawansu suka koma tuƙa na wani, suna kai masa kuɗin yini kullum da yamma.

Rarrabe matsalar mutum ɗaya da matsalar da tsarin zama ya jawo wa mutane da yawa, ita ce ƙofar shiga wannan fanni. Wani malami ɗan Amurka, C. Wright Mills, ya rubuta littafi a kan haka a 1959. Ya nuna cewa mutum ba zai gane abin da ke faruwa a rayuwarsa ba sai ya iya haɗa shi da tarihin zamaninsa da tsarin al'ummarsa. Ilimin zamantakewa, wanda a jami'a ake kira sosiyoloji, shi ne nazarin yadda mutane ke zama tare: abin da ke haɗa su, abin da ke raba su, dokokin da suke bi ko da ba a rubuce suke ba, da yadda duk wannan ke sauyawa.

Akwai tambayar da ɗalibai manya kan yi tun a ranar farko, kuma tambaya ce mai kyau. Sukan ce, Malam, ashe ba ƙaddara ba ce? Ƙaddara ce, amma Allah ya sanya wa al'amura sabubba. Likitan da ke binciken sauron da ke kawo zazzaɓi bai musanta ƙaddara ba, haka ma mai binciken dalilin da ya sa aure ke yawan mutuwa a wata unguwa fiye da wata. Gaskiya ne wasu daga cikin Turawan da suka assasa fannin ba su yarda da addini ba. Ba dole ne mu ɗauki aƙidarsu kafin mu amfana da hanyar bincikensu ba, balle kuma wanda ya riga su duka, Ibn Khaldun, alƙalin Malikiyya ne.

Inda fannin ya samo asali

An haifi Abdurrahman Ibn Khaldun a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406. Ya keɓe a wata ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau, a 1377 ya rubuta Muƙaddima, gabatarwar babban littafinsa na tarihi. Abin da ya dame shi, marubuta tarihi suna kwafar labari daga juna ba tare da sun auna ko abin zai iya faruwa a zaman 'yan Adam ba. Sai ya ce ana buƙatar wani ilimi na daban da zai binciki ɗabi'ar zaman jama'a, a riƙa auna labarai da shi. Bai jahilci ƙasarmu ba: a tarihinsa ya ambaci kyautar raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257.

Babban abin da ya bar mana shi ne bayaninsa a kan asabiyya, wato ƙarfin zumuncin da ke sa jama'a su tsaya wa juna har su sadaukar da rai. Ya lura cewa wannan ƙarfi ya fi yawa a wurin mutanen da wahala ta haɗa, kamar mazauna sahara. Da shi suke cin birni su kafa daula. Sai 'ya'yansu su tashi cikin daɗi, jikokinsu su manta wahalar gaba ɗaya, haraji ya yi yawa, zumunci ya yi sanyi, wasu masu sabon ƙarfi su zo su karɓe. A ganinsa daula ba ta cika wuce tsara 3 ba, kimanin shekara 120.

Mutanen Maiduguri sun ga asabiyya da idonsu a 2013, lokacin da matasan unguwanni suka ɗauki gora da adda suka tsaya a bakin layukansu, aka riƙa kiransu 'yan kato da gora. Ba albashi ne ya fito da su a farkon lamari ba, sanin juna ne da gajiya da binne 'yan uwa. Sai dai ɗalibin wannan fanni ba ya tsayawa a kan yabo. Irin wannan ƙarfin haɗin kai shi ne kuma yake riƙe da ƙungiyar da suka tashi yaƙa, kuma su kansu an yi ta ƙorafin cewa wasunsu sun wuce gona da iri. Asabiyya ƙarfi ce, alherinta da sharrinta suna ga abin da aka yi da ita.

A Turai fannin ya tashi ne daga ruɗani. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya kifar da sarauta, masana'antu kuma suka janyo mutanen karkara zuwa birane irin Manchester a Ingila, inda suka cunkushe a ɗakunan haya cikin baƙin da ba su sani ba. Auguste Comte na Faransa ne ya raɗa wa fannin suna a 1838. Tambayar da ta dami masu assasa fannin ita ce: idan ƙauye ya watse, dattijo ya rasa ta cewa, me zai riƙe mutane?

Tambayar ba baƙuwa ba ce a nan. Yerwa, wato Maiduguri, kanta sabon gari ce, a 1907 aka kafa ta, Shehu Abubakar Garbai ya dawo da fadarsa nan bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedikwatar jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975. Kowane mataki ya kawo sababbin baƙi, Kanuri da Shuwa da Babur da Margi da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa. Sannan daga 2014, da Gwoza da Bama suka faɗi, Baga ta biyo baya a farkon 2015, jama'a suka kwararo birnin da yawan da ba a taɓa gani ba.

Kalmomin aiki

Mu shiga gida guda, irin wanda kowa a ajin nan ya sani: magidanci da iyalinsa, sai ga ƙaninsa ya iso daga Konduga ko Damboa da mata da yara, ba su da komai sai kayan jikinsu. A cikin wannan gida za mu tsinci kusan duk kalmomin da fannin ke aiki da su.

Me ya sa maigidan bai rufe ƙofa ba? Babu dokar gwamnati da ta tilasta masa. Abin da ya tilasta masa al'ada ce, kuma a wannan fanni al'ada ba ta tsaya ga rawa da kiɗa da kayan biki ba. Duk abin da mutum ya koya daga jama'arsa al'ada ne: harshe, gaisuwa, cire takalmi a ƙofar babba, turaren wutan da matan Borno suka yi suna da shi, abin da ake ci da abin da ake ƙyama. A cikinta akwai abubuwan da jama'a ke darajantawa, kamar zumunci da kunya da karamci. Akwai kuma ƙa'idojin da ke fassara su zuwa aiki: ɗan uwa in ya zo a ba shi masauki, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ƙarami shi ke fara gaida babba. Ƙa'ida tana da hukunci ko da babu kotu. Wanda ya kori ɗan uwansa zai ji a jikinsa, a majalisa za a yi shiru in ya iso, ranar bikin 'yarsa zai ga wuri fayau.

Ba a haifi kowa da waɗannan ba, koya masa aka yi. Wannan koyarwa ita ce tarbiyya, tana farawa a bayan uwa, ta wuce tsangaya da islamiyya da makarantar boko, ta shiga hannun abokai, yanzu kuma rediyo da waya sun samu babban kaso. Ba ta ƙarewa da yarinta. Amarya a gidan miji sabuwar tarbiyya take yi. Manomin da ya shekara 40 yana ciyar da kansa, ya zo birni yana koyon tsayawa a layi da kati a hannu, shi ma tarbiyya yake yi, mai ɗaci.

Kowa a gidan yana da matsayi: maigida, uwargida, baƙo, ɗan fari, suruka. Wani matsayin gadonsa ake yi, wani kuma nemansa ake yi. Hausawa sun daɗe da rarrabe su ta fuskar sana'a, wadda aka gada ita ce karda, wadda mutum ya shiga da kansa ita ce shigege, kuma wani mai bincike, M. G. Smith, ya rubuta a kan wannan tun a shekarun 1950 bayan zamansa a ƙasar Zazzau. Kowane matsayi yana da aikin da ake jira daga mai shi. A nan ne gudun hijira ya fi yin ɓarnar da ido ba ya gani. Ƙanin maigida har yanzu miji ne kuma uba ne, matsayinsa na nan, amma aikin matsayin, wato ciyarwa, ya kuɓuce masa. Idan kuma ƙungiyar agaji da sunan matarsa ta rubuta katin abinci, kamar yadda wasu ke yi, sai ka ga rigima ta tashi a ɗakin da ba a taɓa jin kansu ba. Maƙwabta za su ce halinsa ya canza ko ta raina shi. Ɗalibin zamantakewa zai ce a duba abin da ya faru da aikin kowannensu tukuna.

Idan ƙa'idoji da matsayi suka taru a kan wata babbar buƙata suka daɗe, sun zama cibiya. Iyali cibiya ce, haka addini, da ilimi, da kasuwa, da mulki. A ɗaure suke da juna, shi ya sa rufe hanyar gona ke iya zama sanadin cire yaro daga makaranta ko aurar da yarinya da wuri.

Durkheim: me ke riƙe jama'a?

Nazariyya ita ce bayanin da ke ƙoƙarin faɗin dalilin abin da ake gani. Kamar fitila take a ɗaki mai duhu, inda ka haska nan za ka gani, sauran kusurwoyi su zauna a duhu.

Emile Durkheim, wanda ya rayu a Faransa daga 1858 zuwa 1917, ya ce akwai abubuwan da ke wajen mutum amma suna juya shi, kamar harshe da doka da kuɗi da ƙa'ida, kuma ana iya nazarinsu kamar yadda ake nazarin kowane abu. Don ya tabbatar da haka sai ya zaɓi aikin da kowa ke ɗauka na mutum ne shi kaɗai, wato kashe kai. A littafinsa na 1897 ya tattara alƙaluman ƙasashen Turai, ya ga abin ya fi yawa ga marasa aure fiye da masu iyali, ya fi yawa ga mabiya ɗariƙar Furotesta fiye da Katolika. Bayaninsa shi ne, gwargwadon yadda jama'a suka rungumi mutum, gwargwadon kariyar da yake da ita.

Ya kuma rarrabe haɗin kai iri 2. A ƙauye kamanni ke haɗa mutane: sana'a ɗaya, harshe ɗaya, masallaci ɗaya. A birni buƙatar juna ce ke haɗa su. Ku bi bandar kifi daga bakin tafkin Chadi: masunci ya kama, wani ya banda, wani ya ɗaure a kwali, direba ya kawo Tashar Baga, dillali ya haɗa da ɗan kasuwar da ya zo daga Onitsha. Ba ƙabilarsu ɗaya ba, wasu ba addininsu ɗaya ba, amma da aka rufe hanyar Baga aka taƙaita cinikin kifi, duk tare suka ji jiki. Idan kuma sauyi ya zo da gaggawa, tsohuwar ƙa'ida ta daina aiki sabuwa ba ta kafu ba, mutane kan shiga halin rashin madafa, ba su san abin da ya dace da wanda bai dace ba. Durkheim ya ɗauki wannan hali a matsayin ciwon al'umma.

Daga tunaninsa aka gina nazariyyar amfani, wadda ke tambayar kowace al'ada: wane aiki take yi wa jama'a? Robert Merton na Amurka ya ƙara da cewa akwai amfanin fili, akwai na ɓoye. Amfanin adashi na fili tara kuɗi ne. Na ɓoye kuwa, matan da ke zubi suna sanin wadda za a amince wa, suna jin labarin wadda ba ta da lafiya, suna da waɗanda za su tsaya musu ranar suna ko rasuwa. Wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani a fili raha ce, amma a ƙarƙashi hanya ce ta zama lafiya tsakanin jama'u biyu da tarihi ya taɓa haɗa su faɗa. Wannan nazariyya ita ta fi bayyana abin da ya faru bayan 2014, lokacin da mafi yawan waɗanda suka gudo Maiduguri ba a sansani suka sauka ba, a gidajen 'yan uwa da abokan arziki suka sauka. Zumunci ya ɗauki nauyin da hukuma ba ta iya ɗauka ba, kuma a ganina ba a yaba wa talakawan garin nan yadda ya kamata a kan wannan ba.

Rauninta shi ne, tana iya sa mutum ya ga duk abin da ya daɗe yana da amfani, don haka a bar shi. Yaro ɗan shekara 7 da ke yawo da roba yana bara, za a iya cewa yana ba masu gida hanyar sadaka da mai yi musu aike da araha. To amfanin wa ke nan, kuma wa ke biya?

Marx: wa ke ci, wa ke biya?

Wannan ita ce tambayar Karl Marx, Bajamushen da aka haifa a 1818 ya mutu a Landan a 1883. Ya kalli masana'antun Ingila ya ga mutane kashi biyu, masu mallakar injina da jari, da waɗanda ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu. Ya ce buƙatunsu a karo suke, kuma wannan karo shi ke tura tarihi. Ya ƙara da cewa masu dukiya sukan mallaki har tunanin zamani, ta yadda wanda ake cuta zai riƙa ganin abin daidai ne.

Ba sai da masana'anta ake amfani da wannan ba. Ku dubi ruwa. Akwai mai rijiyar burtsatse, akwai ɗan garuwa mai tura kura, akwai uwargidan da ke saye jarka jarka. Gidan da ya iya haƙa rijiyarsa ya biya sau ɗaya ya huta, gidan da bai iya ba kullum yana biya, har ya zamana talaka ya fi mai hali sayen ruwa da tsada. Ku dubi haya, yadda shigowar 'yan gudun hijira ta zama masifa ga wani, ta zama kasuwa ga mai ɗakuna. Ku dubi ambaliyar ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwan bai zaɓi gida ba, ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga Gwange. Amma bayan ya janye, mai gidan siminti da albashi da ɗan uwa a tudu daban, mai ɗakin ƙasa da jarinsa duka ke cikin buhu guda daban. Masu nazarin halin mata sun ɗauki tambayar nan suka shiga da ita cikin gida: aikin ɗiban ruwa da girki da jinya da reno, wa ke yinsa, kuma me ya sa ba a lissafa shi cikin aiki?

Inda wannan nazariyya ke tuntuɓe shi ne in ta mai da komai batun dukiya. Ana yawan cewa talauci ne ya haifi rikicin da ya ɓarke a Yulin 2009. Talauci da rashin aiki da zaluncin mahukunta suna da hannu, babu shakka. Amma miliyoyin matalauta ba su ɗauki makami ba, kuma cikin waɗanda suka ɗauka akwai 'ya'yan masu hali da waɗanda suka yi karatu. Akwai abin da ya rage ba a bayyana ba.

Weber: me abin ke nufi a wurin mai yinsa?

Max Weber, shi ma Bajamushe, ya rayu daga 1864 zuwa 1920. Ya ce ba za ka gane aikin mutum ba sai ka gane ma'anar da shi ya ba aikin, kuma aƙida tana iya juya tattalin arziki kamar yadda tattalin arziki ke juya aƙida. Ya tambaya: me ke sa mutane su yi biyayya da yardarsu? Ya samo tushe 3. Akwai ikon gado, irin na Shehu da Aja da Lawan da Bulama, ana binsu don haka aka tarar. Akwai ikon doka, irin na gwamna da shugaban ƙaramar hukuma da alƙali, inda kujerar ake bi, ranar da mutum ya sauka ikon ya bar shi. Akwai kuma ikon kwarjini, inda ake bin mutum don an yi imani yana da wata baiwa ta daban.

Tarihin Borno ya ba mu misalin da ya fi na littattafan Turai. Bayan an ci Birnin Gazargamu a 1808, wanda ya ceto daular ba ɗan sarauta ba ne, malami ne, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi. Iliminsa da nasararsa suka tara masa jama'a, ya kafa Kukawa a 1814. Weber ya ce kwarjini ba ya daɗewa, dole bayan mai shi ya rikiɗe ya zama gado ko doka. Haka aka yi: a 1846 sarautar Sefawa ta ƙare, ɗansa Umar ya riƙe ƙasar, laƙabin malanta ya zama sunan sarauta har yau. A lura, kwarjini a wurin Weber ba yabo ba ne. Mai gyara yana iya samunsa, mai ɓarna ma haka, kuma garin nan ya ga duka biyun.

Abin da ke gudana tsakanin mutum da mutum

Nazariyya ta ƙarshe ba ta fara daga sama ba, daga ƙofar gida take farawa. George Herbert Mead na jami'ar Chicago ya koyar da cewa mutum yana sanin kansa ne ta yadda yake ganin wasu na kallonsa. Ɗalibinsa Herbert Blumer ya ce mutane suna mu'amala da abubuwa gwargwadon ma'anar da suka ba su, ma'anar kuma a cikin hulɗa ake ƙera ta, a cikin hulɗa take sauyawa. Girman rawani, tsawon gaisuwa, wanda ya fara cewa wushe da wanda ya amsa, durƙuson yarinya, duk saƙonni ne da kowa ke karantawa ba tare da ya lura ba.

Da asubahin 16 ga Maris 2016, mata biyu ɗauke da bam suka kai hari masallacin Umarari, kusa da Molai a hanyar Damboa. Ɗaya ta tashi nata a ciki, ɗayar a waje lokacin da mutane ke gudun tsira. Fiye da mutum 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mai yiwuwa a ajin nan akwai wanda ya rasa nasa, don haka da nauyin zuciya muke kawo misalin, kuma don akwai abin da ya wajaba a gane a cikinsa. A shekarun da irin waɗannan hare-hare suka yawaita, ma'anar abubuwa ta juye. Baƙon da a da ake rige-rigen ba shi ruwa ya zama abin tuhuma. Yarinya cikin hijabi, wadda alamar kamun kai ce, ta zama wadda ake ja da baya in ta tunkaro. Ƙofar masallaci, inda ba a tambayar kowa daga ina yake, ta koma wurin bincike. Ba wanda ya zauna ya rubuta wannan, a cikin dubban ƙananan haɗuwa ya ginu.

Erving Goffman ya rubuta littafi a 1963 a kan tabo, wato alamar da jama'a ke liƙa wa mutum har ta rufe duk sauran halayensa. A 2016 hukumar UNICEF da ƙungiyar International Alert sun fitar da rahoto a kan mata da 'yan matan da suka kuɓuto daga hannun mayaƙa a Borno. Sun tarar ana gudunsu, a wasu wurare ana kiransu annoba, ana kuma zargin jinin 'ya'yan da suka haifa. Tsoron mutane yana da dalili, sun ga abin da suka gani. Amma ku bi abin da suna ke yi. Wadda aka sace da ƙarfi ta dawo, ba mai sayen ƙosanta, ba mai zama kusa da ita a gidan suna, ba mai barin ɗansa ya yi wasa da nata. Yaron ya tashi yana jin abin da ake kiransa. Idan aka rufe masa kowace ƙofa, jama'a da hannunsu suna iya ƙera abin da suke tsoro. Sunan da muke kiran mutum aiki ne muke yi a kansa, kuma wannan yana hannun kowa, ba sai gwamnati ba.

Ita ma wannan nazariyya tana da iyaka. Tana nuna yadda ake liƙa tabo, amma ba ta faɗin dalilin da ya sa ƙauyen ya zama babu tsaro tun farko, ko me ya sa 'yar talaka ta fi 'yar mai hali daɗewa da tabon. Nan sai an koma wa Marx da Weber. Shi ya sa ba na son ɗalibi ya zaɓi malami guda ya riƙe kamar ɗariƙa. Tambayar da ke gabanka ita ke nuna wadda za ka ɗauka. Kuma dukkansu a kan Turai da Amurka suka gina bayaninsu, dole mu gwada shi a kan ƙasarmu kafin mu karɓa. Peter Ekeh, ɗan Nijeriya, ya yi haka a 1975, inda ya nuna mulkin mallaka ya bar mana fagen jama'a iri biyu: na dangi da gari, inda mutum ke jin kunyar cin amana, da na gwamnati, inda da yawa ba sa jin wannan kunya. Mutumin da ba zai taɓa kuɗin masallacin unguwa ba, yana iya sa hannu a kuɗin ofis ya yi barci lafiya. Ku tattauna a aji ko kun ga haka, da inda bayanin bai dace da abin da kuka sani ba.

Aikin wannan mako

Abin da ya raba wannan ilimi da hirar majalisa shi ne hujja. A majalisa ana cewa yaran yanzu ba sa jin magana, a wuce. Mai bincike sai ya tambaya: waɗanne yara, su nawa, idan aka kwatanta da yaushe, wa ya faɗa? Yana lura da idonsa, yana tambaya da bakinsa, yana ƙirgawa, kuma yana neman abin da zai ƙaryata zatonsa kamar yadda yake neman abin da zai gaskata shi.

Kowane ɗalibi ya bi jarkar ruwa guda, daga inda aka ɗebo ta zuwa randar da aka juye ta. Ya rubuta hannu nawa ta bi, nawa kowa ya samu, wa ya mallaki rijiyar, wa ya mallaki kurar, wa ke bin wani bashi kuma me ya sa aka yarda da shi. Ya saurari yadda mai saye ke kiran ɗan garuwa da yadda shi yake amsawa. Ya tambayi wani dattijo ko dattijuwa yadda ake samun ruwa a wurin kafin 2009. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya riƙe a ka, ya faɗa da baki a aji.

Kafin ku fara, ku sanar da Bulama abin da kuke yi. Ku gaya wa duk wanda za ku tambaya cewa aikin makaranta ne, ba rajistar agaji ba ce, don kada ya sa rai. Kada ku rubuta sunan kowa, kada ku ɗauki hoto, kuma wanda ya ƙi magana a ƙyale shi. Idan hira ta gangara zuwa abin da mutum ya gani a lokacin gudu, kada ku tona, ku bar shi ya tsaya inda ya ga dama. A darasi na gaba za mu ɗora abin da kuka samo a kan allo, mu shiga batun iyali da aure.